Sulhun Da Ya Kusa Kai Ni Gidan Yari

Watana bakwai a Amurka aka saka mini ankwa, kuma a kan daddawa. Har yau in na ba da labarin a majalisarmu ta Dukawuya sai an kwashe da dariya. Su abin dariya suke ji. Ni ƙarar ƙarfen nan nake ji a wuyan hannuna.

Sunana Auwalu. Kafin tafiyar jakunkuna da takalman fata nake sayarwa a Ƙofar Wambai, har Allah ya sa sunana ya fito a cacar biza. Wanda ya tarye ni a can Bukar ne, ɗan Malam Goni na Koki, gidan mutanen Barno da suka daɗe a birni. A zauren Malam Goni na yi karatun allo, tabarma ɗaya muka zauna da Bukar, bulala ɗaya muka sha. Ya riga ni zuwa Amurka da shekara uku. Shi ya ba ni katifa, ya ba ni rigar sanyi, ya koya mini hawan bas ɗin garin. Ba zan ɓoye alherinsa ba, don abin da zan faɗa a gaba bai yi mini kyau ba.

Wani ɗan ƙasarmu ya yi ta cika mini baki cewa zai saka ni a kamfanin fata. Ashe iska ce. Na ƙare a wani makeken sito ina ɗaukar kwalaye tun asuba har yamma, a cikin sanyin da yake shiga ƙashi. Wahalar aikin ba ta dame ni kamar shirun mutane ba. Ka haɗu da maƙwabci a matakala ka ce masa sannu, ya dube ka kamar ka tambaye shi aron mata. Ni da na tashi a lungun da ba ka isa ka kai bakin titi ba sai ka gaisa da mutum goma, sai na koma ina magana ni kaɗai a banɗaki.

A cikin wannan hali wani matafiyi ya kawo mini saƙon Iya, mahaifiyata: kuka, kuɓewa busasshiya, yaji, da daddawa a ƙulle cikin leda uku. Da na buɗe sai da na yi hawaye, wallahi, don kamar tsakar gidanmu ce ta shigo ɗakin. Bukar kuwa a asibiti yake aikin goge-goge, ya fara ƙorafin cewa warin yana kama masa kaya, abokan aikinsa suna toshe hanci. Na ce ya yi haƙuri. Ya sake magana, na ce to ya daina cin miyar. Wata ranar Lahadi da azahar na dawo na tarar ya kwashe daddawar duka ya zuba a shara.

Ina da zuciya, ban musa ba, tun ina yaro aka san ni da ita. Na ce masa ya zama bature, ya ce ni baƙauye ne. Na hankaɗe shi. Ya tafi da baya, kansa ya daki ƙarfen hita mai ɗumama ɗaki, goshinsa ya tsage, jini ya wanke masa fuska. Ina durƙushe ina danne masa wurin da tawul ina salati sai ga 'yan sanda, maƙwabciyarmu ce ta kira su. Bukar ya yi ta ce musu ba komai, ɗan'uwansa ne, a bar maganar. Ko kallonsa ba su yi ba. A gida da yanzu mun isa zauren wani dattijo, an zage mu duka biyu, an sa mun gaisa. A can kuwa ƙarar ta gwamnati ce, ba ta Bukar ba. An faɗa mini haka tun a ranar, amma bai zauna mini a kai ba.

Lauyan da gwamnati ta ba ni, wani siririn mutum mai saurin magana, ya ce in amsa laifi a sassauta mini. Na amsa. Alƙaliya ta yanke mini wata goma sha ɗaya a gidan yari, amma ta rataye hukuncin, ta sa ni a abin da suke kira furobeshin na wata goma sha takwas. Ɗaurin talala ke nan. Kana yawo a gari, igiyar tana hannunsu. Aka miƙo mini takarda mai sharuɗɗa: in je wurin jami'ar da za ta riƙa lura da ni duk wata, kada in bar jihar sai da izini, kada in rasa aiki, in shiga ajin koyon danne fushi, kada in riƙe makami, kada in sake wani laifi. Sai na ƙarshe, kada in kusanci Bukar, kada in yi masa magana, ko a waya, ko ta bakin wani. Lauyan ya ce in na karya ko ɗaya, alƙaliya tana iya sauko da wata goma sha ɗayan nan a kaina, kuma da zarar na shiga gidan yari 'yan shige da fice za su buɗe fayil ɗina, daga nan shi ba ya iya yi mini alkawarin komai. Na sa hannu.

Na koma wani ɗan ɗaki a ƙasan gidan Alhaji Tijjani. Shi ne dattijon Hausawan garin, mutumin Kano, shekararsa ashirin da wani abu yana tuƙin tasi. Duk rigimar da ta tashi a tsakaninmu gidansa ake kaiwa. Babban abin alfaharinsa shi ne bai taɓa taka kotu ba tun da ya zo ƙasar. Ni a lokacin na ɗauka wannan ilimi ne.

Jami'ar tawa wata baƙar mace ce mai jiki, da tabarau a kan hanci. Madam nake ce mata. Duk wata tambayoyinta ba sa canzawa: ina wurin aikina, ina zaune a inda nake, 'yan sanda sun tare ni, na haɗu da Bukar? Duk ranar zuwa wurinta ba na iya karya kumallo. Amma ba muguwa ba ce. Da ta gane ranar da ta sa mini Juma'a ce kuma ina rasa salla, da kanta ta mayar da ita Talata. Masallacinmu na Hausawa kuwa na daina zuwa, tunda Bukar yana can. Bas biyu nake hawa zuwa na 'yan Pakistan, in yi salla a cikin mutanen da ban san me suke cewa ba. In na hango mai tafiya irin ta Bukar a titi sai in tsallaka ɗaya gefen. Haka na yi wata tara ban karya sharaɗi ko ɗaya ba, kuma duk wannan Iya ba ta san komai ba. In ta tambayi Bukar sai in ce yana wurin aiki.

Sai Malam Goni ya rasu.

Iya ce ta kira ni, ta dawo daga gidan rasuwar a Koki, muryarta a dashe. Ta ce mahaifiyar Bukar ta riƙe mata hannu tana cewa abin da ya sanyaya mata rai shi ne yaron ba shi kaɗai ba ne a can, yana tare da Auwalu. Sannan Iya ta ce mini, "Ba ni shi in yi masa gaisuwa."

Na ce ba ya kusa. Ta tambaya ina yake. Na ce mun raba gida. Sai ta ce, "Auwalu, mutumin da ya koya maka Fatiha ya mutu, kana gari ɗaya da ɗansa, ka ce mini ba ya kusa? In ni na haife ka, yau ɗin nan ka je."

Na kwana biyu ina juya maganar. Takardar kotu tana cikin jakata, na ɗauko na karanta na mayar, na sake ɗaukowa. Tsoro nake ji ƙwarai. Amma kuma ina tuna Malam Goni yana riƙe da yatsana a kan allo, sai in ji kunya ta rufe ni. Na kai wa Alhaji Tijjani maganar. Ya ce haba, wace irin doka ce za ta hana ta'aziyya, ai ko su turawan suna zuwa jana'iza. Ya ce takardar nan an yi ta ne don kada in sake dukan yaron, ba don a raba zumunci ba. Ya ce in bar masa komai, shi zai yi wa Bukar magana.

Ranar sadakar uku aka taru a falon Alhaji bayan la'asar, mu wajen goma sha biyar. Ina shiga na ga Bukar a kan darduma, ya rame, ga tabon a goshinsa. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na yi masa gaisuwa, na roƙe shi gafara. Alhaji ya yi mana nasiha mai tsawo, ya ce Bukar ya yafe don darajar mamacin. Bukar ya ce ai shi ya yafe tun ranar da abin ya faru, ya kama ni muka yi kuka kamar yara. Aka shafa Fatiha. Na kira Iya na ba shi wayar. Rabon da in ji sanyi a raina irin na wannan rana tun ina gida.

Da a nan na tsaya, mai yiwuwa da babu wanda zai sani. Amma a ganinmu duka magana ta ƙare. Haƙƙin na Bukar ne, mai haƙƙi ya yafe, to me ya rage? Alhaji ya ce abin da ya kamata shi ne ranar Talata in tafi da Bukar wurin matar nan, ta gan mu da idonta, a rufe fayil in huta da zirga-zirga. Kowa a falon ya ce shawara ta yi. Ni ma na ce ta yi. Har murna nake, ina ganin na fi sauran masu zuwa ofishin hankali.

Ranar Talata muka sa manyan kaya, ni da Bukar, har da huluna. Muka zauna a benci ɗaya muna hira. Da aka kira sunana na ja hannunsa muka shiga tare. Madam ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau, ta tambaya wane ne. Na faɗi sunansa ina murmushi, na ce mun shirya, ya yafe mini, ga shi ya zo da kansa ya shaida.

Ban taɓa ganin fuska ta canza haka ba. Ta ajiye biro. Ta ce Bukar ya fita yanzu-yanzu ya bar ginin. Da ya fita ta rufe ƙofa, ta cire tabarau ta dafe goshi, ta daɗe a haka. Sannan ta tambaye ni yaushe muka fara haɗuwa, a ina, wa ya haɗa mu. Na faɗa mata duka, har da sunan Alhaji, don har lokacin ina tsammanin bayani zai gyara. Ta ce, "Ka san abin da ka yi? Ka kawo mini shaidar karya sharaɗi har cikin ofishina. Da ban gani ba, da wani abu ne. Yanzu na gani, dole in rubuta."

Na ce ai ya yafe. Ta ce umarnin ba na Bukar ba ne, na alƙaliya ne, kuma ita kaɗai take iya ɗage shi. Ko Bukar ne ya zo gidana da kansa yana roƙo, ni aka hana, ni zan gudu. Ta ce tana da ikon sa a kama ni a take, amma ba za ta yi ba, za ta nemi a aiko mini da sammaci. Na fito ban san ta inda na bi na isa tashar bas ba.

Sati uku aka sa kafin zaman kotu. Ban taɓa jin tsoro irin na satin nan uku ba. Lauyan ya zaunar da ni ya yi mini dalla-dalla. Ya ce hanya biyu ake soke irin wannan sassauci: ko mutum ya sake sabon laifi, ko ya karya sharaɗi da saninsa. Ni na karya sau uku: na aika wani, na je da kaina, na kuma zo da shi. Ya ce wannan zaman ba irin na farko ba ne, ba a buƙatar hujja mai ƙarfi sosai, alƙaliya ta gamsu cewa ya fi kama da an karya ɗin, shi ke nan. Kuma me za a musa, tunda ni na faɗa da bakina? Abin da ya rage kawai a roƙe ta kada ta ɗaure.

Na daina cin abinci sai shayi. A wurin aiki ina ɗauke da kwali sai in tsaya cak ina lissafin yadda za a sauke ni a filin jirgin Kano da leda ɗaya a hannu, da me zan ce wa Iya. Ko jiniyar motar asibiti na ji sai in ɗauka ni aka zo kamawa. Alhaji Tijjani kuwa ya kasa haɗa ido da ni. Kullum sai in tarar da kwanon tuwo a bakin ƙofata, ba ya ƙwanƙwasawa. Na yi fushi da shi, sosai ma, amma na san ba shi ya riƙe biro ya sa hannu a takardar ba.

Ranar zaman na sa riga biyu da wando biyu, saboda wani a ajin danne fushi ya ce mini ɗakin ajiyar kotu akwai sanyi. Na ba Alhaji makullin ɗakina da lambar wayar Iya, na ce in ban fito ba ya ce mata aiki ya kai ni wani gari.

Madam ta fara ba da shaida. Ta faɗi abin da ta gani, ba ta rage ba. Amma ta ƙara da cewa wata tara ban taɓa makara ba, ban fasa aji ba, kuma a shekarunta na aiki ba ta taɓa ganin wanda ya kawo mata mutumin da aka hana shi gani yana murmushi ba. Lauyana ya yi bayanin rasuwar da al'adarmu ta gaisuwa. Sannan aka kira Bukar, wanda ya zo don ya taimake ni. Ya ce ya yafe, ba ya tsorona, yana roƙo a ɗage umarnin. Na fara sa rai.

Sai mai gabatar da ƙara ta miƙe, wata yarinya ƙarama da ba ta ɗaga murya. Ta tambaye shi wa ya fara kawo masa maganar sulhu. Ya ce Alhaji Tijjani. Ta tambaya mutum nawa ne a ɗakin. Ya faɗa. Ta tambaya kwana nawa da rasuwar mahaifinsa a ranar sulhun. Ya ce uku. Sai ta ce, "Da ba ka so ka yafe ba, za ka iya cewa a'a a gaban wannan dattijon?"

Bukar ɗan malamai ne, an rantsar da shi, ba zai yi ƙarya ba. Ya ma yi ɗan murmushi, kamar an yi masa tambayar yara. Ya ce, "A wurinmu ba a ce wa babba a'a."

Na ga lauyana ya runtse ido. Bukar ya so ya ƙara bayani, ta ce ta gama. A nan na sallama, na ce Auwalu ka tafi. Na fara karanta duk abin da ya zo bakina, gumi yana bin bayana a cikin riga biyun nan.

Alƙaliya ta daɗe tana rubutu. Da ta ɗago ta ce ta gamsu na karya sharaɗi, kuma da sanina, tunda na karanta takardar na sa hannu. Ta ce ta yarda ba da mugun nufi na yi ba. Amma ta ce ta sha ganin wanda aka daka ya zo yana cewa ya yafe alhali danginsa ne suka tsaya masa a kai, kuma daga inda take zaune ba ta da hanyar bambance wannan da wancan, shi ya sa aka yi dokar. Ta ce abin da ya kamata in yi tun farko shi ne in zo ta hannun lauya in nemi izini.

Ta ce ba za ta ɗaure ni ba a wannan karon. Ta ƙara mini shekara ɗaya a kan ɗaurin talalar, umarnin nesa da Bukar yana nan daram. Sannan ta dube ni ta ce in na sake yi masa magana, ko kalma ɗaya, ko gaisuwa ce, wata goma sha ɗayan nan zan yi su cif, kuma kada lauyana ya wahalar da kansa zuwa roƙo. Ta tambaya na gane. Na ce na gane.

Na fito barandar kotun. Madam tana gefe tana magana da lauyana, ga ɗan sanda a bakin ƙofa. Sai ga Bukar ya taho da sauri, fuskarsa cike da murna, shi dai abin da ya ji shi ne ba a ɗaure ni ba. Ya miƙo hannu biyu, ya yi mini sallama da ƙarfi, irin ta gida.

Madam ta juyo tana kallona.

Na tura hannuwana cikin aljihu. Na sunkuyar da kai na raɓa ta gefensa, kafaɗata ta kusa taɓa tasa. Na ji ya kira sunana sau ɗaya, a hankali. Ban waiwaya ba. Na sauka matakala hawa uku, na fita titi, na yi ta tafiya har sai da na daina ganin ginin. A bakin wata tashar bas na tsaya, babu kowa sai wata tsohuwa da karenta. A nan na buɗe baki na ce wa alaikumus salam wa rahmatullah, na faɗa da ƙarfi har tsohuwar ta matsa gefe. Tunda nake, wannan ce sallamar farko da aka yi mini na ƙi amsawa, kuma ta ɗan Malam Goni ce, kwana ashirin da 'yan kai da binne ubansa.